Akwatin Murya

Lawali, kashe injin nan haka nan, kunnena ya gaji. Ku matso ku duka. Tun da safe nike jin ku kuna yi wa akwatin roban da anka kawo makarantar lakwal dariya, wai na zaɓe, kuna cewa ko yaro ya iya haɗa irinsa da katako kafin shayi ya tafasa. To, ya iya mana. Ƙusa ga ta buhu-buhu, gam ga shi, inji shina yanka muku kuna hirar ƙwallo. A ganinku kafinta shi ne mai buga ƙusa. Ni Arzika, sai da na fara gemu a shagon maigidana kafin ya yarda in ɗora zarto bisa katakon mutane.

Maigidan nawa Baba Sumana ne, Bazabarme daga wajen Damana. A Yamai ya koyo aikin hannun wani mutumin bakin teku, ya zo Filinge saboda bariki na son ƙofofi da tebura, ya zauna har mutuwa. Hausarsa da gargada take, amma zaginsa sarai yake fita. Kayan aikinsa duka cikin fatar akuya guda yake naɗe su: zarto, marto wato guduma, gizago, rabo na goge katako ya yi santsi, da kurfi, ɗan ƙarfen nan mai kaifin baki da ake sassaƙa gurbi da shi. In ka taɓa kurfinsa ba da izni ba, ranar ba ka cin tuwo da daɗi.

Aikina na farko cire ƙusa ne. Ƙasar Kurfai ba ta da itacen da ake tsaga katako, gawon da kuke gani cikin kwari kuwa abincin bisashe ne, ba mai sa mishi gatari. Katakonmu akwatunan sabulu ne da na shayi da kamyo, manyan motocin kaya, ke kawo wa 'yan kasuwa. In sun kwashe kaya mu karɓo, in zauna in zare ƙusoshin ɗaya-ɗaya ba tare da na tsaga itacen ba, in miƙe su bisa dutse, in zuba cikin gwangwani. Shagonmu kullum ƙamshin sabulu yake. Har yau in na shiga kanti na ji ƙamshin nan sai in ji kamar in juya in gan shi zaune da fensir bayan kunne.

Duk da wahalar da nike sha wajen miƙe ƙusa, Baba Sumana ba ya son amfani da ita. Haƙori yake yi. Ka yanka gefen katako wanga haƙora-haƙora, ka yanka na wancan gurbi-gurbi, ka haɗa su su ciji juna, ka bubbuga da tafin hannu. In ya yi daidai ko iska ba ta ratsawa. In ka kuskure da kaurin farce, sai ya ɗaga aikin sama ya leƙa, in ya hango rana ta ciki ya jefo maka shi bisa ƙafa.

"Baba, ga ƙusa gwangwani cike," na ce mishi wata rana da yatsuna sunka yi jini. "Don mi muke wahala?"

"Don kai raggo ne shi ya sa kake tambaya," ya ce. "Abin da ka buga wa ƙusa, ran da kake son katakonka sai ka fasa. Na haƙori kwance shi kake yi, ya ba ka itacenka lafiya lau. Kala suru." Wato in yi haƙuri. Da wannan kalmar yake rufe kowace magana.

Aikin da nike son ku ji ya zo gab da Nasara zai miƙa mulki. Lokacin na yi aure, har ana ba ni ƙofa da gadon amarya in yi ni kaɗai. Wani gardi, dogarin Nasara, ya zo daga biro, ofishin gwamnati, ya ce kumandan na kiran Baba Sumana. Wai za a yi zaɓen depite, mutumin da zai tafi Yamai ya zauna majalisa da sunan ƙasarmu duka, tun daga Filinge har Tabla har tungayen da ke bisa tudu, kuma kowane wurin zaɓe sai da akwatinsa. Mutum biyu ke nema, ɗaya takardarsa kore, ɗaya rawaya. Gari ya ɗauki zafi, surukai sunka daina gaisawa a kasuwa. Mu dai namu katako.

Munka kwashe akwatunan sabulun garin nan kaf. Ni ke yanka haƙora, shi ke dubawa. Amma tsagar da ke bisa murfi, inda ake tura takarda, bai bar wa kowa ita ba. Baki yake ce mata. Ya auna ta yadda anbulof, ambulan ɗin ƙuri'a, zai shige, yatsa biyu kuwa ba su shiga, ya huda da kurfi a hankali, sannan ya kankare gefen da fasasshen kwalba har ya yi laushi, wai kada ya yanki hannun tsofaffi. Kowane baki sai ya shafa shi da babban yatsa idonsa rufe kafin ya ce a ɗauka.

Da anka zo rabon akwatuna, hankalinsa bai kwanta da wanda za a kai Tungar Aduwa ba. Ita ce mafi nisa, can arewa bisa tudu, hanyar duk duwatsu, sai raƙumi. Ya ce in aikinsa ya buɗe a hanya ya shiga uku da kunya. Ya ba ni marto ya ce in bi shi. Haka munka tafi da Mushe Abdu, malamin lakwal (Mushe ake ce musu da faransanci) da anka ba riƙon zaɓen can, saurayi mai fara'a, ya sha faransanci har ya fi jin daɗinsa bisa Hausa.

Ku da kunka tashi cikin kwari, inda mutum ke tona ƙasa kaɗan ya tarar da ruwa, ba ku san abin da ake kira rijiyar tudu ba. Tungar Aduwa rijiya guda gare ta. In ka leƙa ba ka ganin ruwan, sai duhu. Sa ke jan igiyar, ya yi tafiya har ya ƙanƙance kafin guga ya fito. Bakinta da itace anka ɗaure shi tun zamanin kakanni, itacen ya ruɓe, ƙasa na zubawa ciki, da bazara abin da ke fitowa rabinsa laka ne. Maigari ya gaya muna a fili, in ba a ɗaure ta da siminti ba kamar yadda sunka ji ana yi a garuruwan bakin hanya, wata bazara za ta rufta, ran nan kuwa tungar ta tashi. Amma gari ne mai daɗi, wallahi. Rumbunan gero a jere, awaki ko'ina, mata na daka suna waƙa. Furar da anka dama muna ranar ban sake shan irinta ba.

Da safe anka kafa zana gindin aduwar da garin ya ci sunanta, anka ɗora akwatina bisa turmi a kife, ni ina zaune gefensa. Mushe Abdu ya miƙe ya yi bayani. To a faransanci, kalmar da suke kiran ƙuri'a da ita, ita ce dai kalmar murya. Shi kuma yadda ya koya haka ya juyo ta.

"Kowa zai shiga bayan zana," ya ce, "ya ɗauki takardar wanda yake so ya sa cikin anbulof. Sannan ya zo nan ya sa muryarsa cikin akwati. Muryoyinku duka za a kai su Yamai."

Maigari ya fara. Ya fito daga bayan zana, ya tura anbulof ɗinsa, sai ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, ya duƙa ya kafa bakinsa a bakin akwatin.

"Salamu alaikum. Maigarin Tungar Aduwa na gaida manya. Bayan gaisuwa, rijiya."

Mushe Abdu ya ƙyalƙyale da dariya har ya riƙe ciki. Ya ce a'a, Baba, ba haka ba ne, takardar ita ce muryar. Maigari ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, takarda na magana?" Na bayansa ya riga ya duƙa. Mushe ya yi bayani ya sake, har ya gaji ya zauna ya ce su yi abinsu, ba ya ɓata ƙuri'a.

Ni da ke gefe na ji komai. Wani ya ce a rage haraji. Wani tsoho ya tambayi labarin ƙanensa da anka ɗauka soja tun yaƙin Nasara bai dawo ba, ya faɗi sunansa da na ubansa, ya maimaita don kada a manta. Wani ya kai ƙarar maƙwabcinsa kan iyakar gona, maƙwabcin na tsaye bayansa shina jira ya ba da tasa amsar.

Da layi ya zo kan mata, wata 'yar gajeruwar tsohuwa ta tare su. Inna Dije ke nan, ungozomar garin. Rabin mutanen da ke wurin ita ta yanke musu cibi, shi ya sa ba mai musa mata.

"Ku ji nan," ta ce. "Maza sun rarraba magana, kowa da tashi. In munka yi haka can ba su jin komi sai hayaniya. Kowacce ta ce rijiya. Ke Hajo, ban da zancen mijinki."

Haka sunka yi. Mace bayan mace, da goyo da tsohon ciki, kowacce ta duƙa ta ce rijiya. Ita ta zo ƙarshe. Ta dafa murfin da hannu biyu kamar mai riƙe fuskar jikanta.

"Manyan Yamai, ni ce Dije ta Tungar Aduwa. Ba mu roƙon zane, ba mu roƙon gishiri. Rijiyarmu na mutuwa. Ku aiko muna masu siminti tun ba mu watse ba. Nan anka binne cibiyarmu, nan muke so a binne mu. Na gama."

Ta miƙe ta dube ni. "Ɗana, an ce kai ka yi shi. Ba ya yoyo?"

"Inna, haƙori ne," na ce, har da buga ƙirji. "Ko ruwa kika zuba ba ya ɗiga."

"To bakin fa? Hanya da nisa."

Kafin in ba ta amsa ta kama gefen zanenta, baƙi mai ratsin shuɗi, ta yage da haƙori, ta cusa a bakin akwatin ta danna da yatsa. Mushe ya ɗiga jan kaki bisa kwaɗon da ya kulle akwatin da shi ya buga hatimi. Garin duka sunka raka mu har bayan gonaki. Kada ku yi mini dariya, amma a hanyar dawowa ban bar raƙumin ya yi sassarfa ba. Ni ma a raina na ɗauka akwatin Yamai za shi, can wani babba zai buɗe.

A biron Filinge anka buɗe shi. Ina tsaye. Akawu ya fasa hatimin, ya zare ƙyallen ya yar ƙasa, ya kife akwatin bisa tebur. Anka ware kore gefe, rawaya gefe, anka ƙirga, anka ba mai buga waya.

"Yaushe za a kai akwatin Yamai?" na tambaye shi.

"Akwati? Mi za su yi da akwati? Lissafi kaɗai ke tafiya. Kai shi mangaza."

Na duƙa na ɗauki ƙyallen. Ban san dalili ba, na mayar da shi bakin akwatin yadda ta cusa shi, na kai ɗakin ajiya na aje. Da na gaya wa Baba Sumana abin da mutanen tungar sunka yi, na zaci zai yi dariya irin ta Mushe. Bai yi ba. Ya daɗe shina shafa kurfinsa, sannan ya ce, "Ashe kunne munka huda, muna ce mishi baki." Ranar bai ce kala suru ba.

Shi ya matsa mini, ran da depiten da ya ci ya zo godiya kasuwa, in je in isar da saƙon. Na je. Na kutsa har na taɓa motar, na ɗaga murya na ce Tungar Aduwa na son rijiya. Makaɗa na bisa kaina, mata na guɗa. Mutumin ya yi mini murmushi ya ɗaga hannu, mota ta wuce. Ba na ce ya ƙi ba. Bai ji ba ne.

Shekaru sunka bi. Anka sauke tutar Nasara anka ɗaga tamu, munka yi benci-benci na sababbin lakwal har hannu ya yi kanta. Zaɓukan da sunka biyo baya takarda guda ce, kuma anka ce ƙananan tungaye su riƙa zuwa manyan garuruwa, don haka akwatin Tungar Aduwa bai sake fita ba. Baba Sumana ya rasu ya bar mini fatar akuyar nan da ke rataye bayanku. Ina kewarsa, ba na ɓoyewa. Ina kewar lokacin nan duka, da mutane ke ganin in sun yi magana za a ji.

Sai fari ya zo. Ba shekara guda ba, damina bayan damina gero na tsayawa iya gwiwa ya bushe. Shanu sunka faɗi a hanyar Baleyara har mutum ya daina juyawa ya duba. Ba mai son gado, ba mai son tebur. Mutane ma ciro ƙofofin ɗakunansu suke yi su kawo, ko za a ba su abin da za su sayi tiyar hatsi. Aikin da ya rage mini gyaran makara ne, don ba ta hutawa. A cikin haka gara ta shiga mangazar biro, anka kwaso tsofaffin akwatunan zaɓe anka jibge mini a shago wai in gyara. Ba wanda ya dawo ta kansu, duk ma'aikata na wajen rabon jar dawar taimako.

Mutanen tudu sunka gangaro sunka kafa bukkokin tsumma bayan gari. Matansu kan zo shago roƙon ɓawon da rabo ke fitarwa, su hura wuta da shi. Wata rana da hantsi wata tsohuwa ta shigo da sanda, ta rame har ba a gane ta. Ina tara mata ɓawon sai na ga ta tsaya cak tana duban kusurwa.

"Wancan zanena ne," ta ce.

Na duba. Ƙyallen na nan bakin akwatin, ya koɗe, amma ratsin shuɗin bai ɓace ba.

"Inna Dije?"

"Kai ne mai haƙori." Ta matsa ta dafa murfin. "Ya dawo ke nan. Da amsa?"

Na gaya mata gaskiya. "Inna, bai tahi ba. Nan Filinge ya tsaya."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta zauna ƙasa a hankali. Ta ce rijiyar ta rufta bara da bazara, da guga da igiya duka. Maigari ya rasu a hanya. Wasu sun yi kudu, wasu Yamai, ba wanda ya san inda wani yake. Sannan ta zare ƙyallen, ta kwantar da kunnenta bisa bakin akwatin, ta rufe ido. Ta daɗe haka har na tsorata.

"Suna nan," ta ce. "Ga maigari. Ga Hajo, ja'ira, sai da ta sa zancen mijinta." Ta yi 'yar dariya. Ta mayar da ƙyallen ta danna. "Ka yi gaskiya, ɗana, ba ya yoyo. Kada ka buɗe shi. Garinmu ke nan duka, ba wani."

Daga ranar kullum sai ta zo. In na samu kunu mu raba, in ban samu ba ta zauna dai gefen akwatin, ta saurara, ta gaya mini wanda ta ji yau da yadda anka haife shi. Da haka na san mutanen Tungar Aduwa gida-gida, ni da na kwana cikinta sau ɗaya.

Ran da ba ta zo ba na bi sawu bayan gari. Ta cika da asuba. Mata sun yi mata wanka, an gina kabari, amma maza na tsaye cirko-cirko. Kun san itacen da ake jerawa bisa mamaci kafin a zuba ƙasa. To babu. An binne mutane da yawa a wurin, abin da ya rage an ƙone wajen dahuwa, ko karan gero babu a shekarar. Wani na cewa a je cikin gari a roƙo tsohuwar tabarma.

Na ce su jira ni. Na dawo shago na ɗauko akwatin bisa kai. Na gwamnati ne, na sani, har yau kuwa ba wanda ya zo nemansa. A bakin kabarin na durƙusa na bubbuga kusurwoyin da tafin hannu yadda Baba Sumana ya koya mini. Haƙoran sunka saki juna ɗaya bayan ɗaya, ko tsaga babu. Ƙamshin sabulu ya taso, bayan shekarun nan duka. Munka jera katakan bisa kanta, da yake 'yar gajeruwa ce sunka rufe ta daidai. Murfin na sa wajen kanta, bakin na duban kunnenta, na zare ƙyallen na riƙe a hannu. Anka zuba ƙasa.

To kun ji. Gobe in Allah ya kai mu zan je lakwal in yi layi kamar kowa, in tura takardata cikin na roban nan da kuke wa dariya. Jikata Zali ce ke riƙe mini hannu yanzu, ido ya yi rauni. Wancan zaɓen, da na tura takardar na ɗan duƙa, sai ta ja ni tana jin kunyar mutane.

"Kaka, mi kake cewa? Ba a magana nan."

Na ce mata ba komi. Rijiya nike cewa.